Gyaran Muryar Da Ya Bar Ni Kwance A Makewayi

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba ni ƙafafu biyu, daga baya ya ga dama ya karɓe jin da ke cikinsu ya bar mini nauyin. Sunana Lawali, amma a Matameye in ka ce Lawali kawai sai a ce wanne, sai ka ƙara da Mai Rake. Boko kuwa a ajin manya na tsinto ɗan abin da na tsinto, shi ma rabin lokacin gyangyaɗi nake a baya. Wanda ya ga magana ta karkace ya yi haƙuri, mai ita ma a karkace yake tafiya yanzu.

Saboda sa'o'ina nake wannan rubutu, tsofaffin da ke shiga makewayi da bokiti su danna sakata kamar masu ɓoye zinariya. Abu guda nake tsoro duk rayuwata, kuma ba mutuwa ba ce: kada in ga ranar da zan tuɓe wani ya cuɗa ni ina raye. Na gan ta. Ga yadda aka yi.

Abin ya faro ne kamar wasa. Tafin ƙafata ya riƙa yi mini kamar na sa safa, alhali ni ban taɓa mallakar safa ba. In na kwanta sai in ji kiyashi na biki a yatsuna, in duba babu ko ɗaya. Wani lokaci kuma zafi, kamar an daka barkono an shafa mini. Na ce gajiya ce. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗora damin rake a manyan motoci daga fadamun Dungu, ai dole ƙafarsa ta yi gunaguni.

Wata rana na dawo daga kasuwa, matata Barira ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ina ɗayan takalmin?"

Malam take ce mini, ba don na san wani abu ba. Na sunkuya na duba. Ƙafar dama da silifa, ta hagu tsirara, ga ƙaya a dunduniya ta samu wurin zama. Inda na yar da takalmin, Allah kaɗai ya sani.

Da labari ya fita, kowa ya zama lokotoro, wato likita. Yayar Barira ta aiko daga Icirnawa cewa sanyi ne. Wani maƙwabci ya ja ni gefe ya ce wani abu na taka da abokan sana'a suka binne mini, kamar akwai wanda zai ɓata kuɗin boka a kaina. Sai Alhaji Rabe, ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara ba shi da aikin da ya wuce ya ga na ji kunya. Ya ce a tafasa ganyen dalbejiya in tsoma ƙafa a ciki.

"Da zafi sosai fa," in ji shi. "Iyakar yadda za ka iya jurewa."

To ni matsalata ke nan, komai ina iya jurewa. Barira ta kawo ruwan yana tururi, na zura ƙafa kamar yadda na saba gwada ruwan wanka tun ina saurayi. Na ce mata, "Ke, rowar itace kike? Ruwan nan ai bai yi zafi ba." Ta sa yatsa, ta fizge, ta saki salati, ta kama ƙaurina ta jawo ƙafar waje. Kafin la'asar fatar ta tashi ta ɗuri ruwa. Ina kallon ƙafata ta dahu, ni kuwa ko a jikina.

Ƙunar nan ce ta kai mu gidan likita. Layi kuwa na sha shi. Benci cike da mata masu goyo, ni kaɗai ne mai furfura, kowace ta gaishe ni amma babu wadda ta matsa. Da aka zo kaina aka wanke ƙunar aka naɗe, aka ce in dawo gobe a gwada jinina, kada in karya kumallo. Na dawo da yunwa, aka ce abin gwajin ya ƙare, a je farmasi a sayo. Barira ta tafi, ni kuma na zauna ina kallon mai ƙosai a bakin ƙofa kamar maraya.

Majo, wato babbar mai jinya ta wurin, wata mata ce mai gilashi wadda ba ta da lokacin wasana. Ta huda mini yatsa, ta duba ɗan injinta.

"Baba, sugarka ta yi sama ƙwarai. Mene ne sana'arka?"

"Rake."

Ta cire gilashin. "Kana sha?"

"Madam, mai kaya ai dole ya ɗanɗana kafin ya yaba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko wani ɗan zare mai tauri kamar na masunta, ta ce in rufe ido, in na ji ta taɓa tafin ƙafata in faɗa. Na rufe. Ta ce, "Ka ji?" Na ce, "Na ji sarai." Ta ce, "Ban taɓa ka ba tukuna." Daga nan na yi shiru ina jira, ina jira, har Barira ta ce, "Malam, ta fa gama zagaye ƙafar duka."

Sunan cutar ya maƙale mini saboda ya yi kama da sunan ƙarfen mota: norofati. Ta ce sugar ce ta ci ƙananan jijiyoyin da ke kai labari daga ƙafa zuwa kai. Ƙafa tana nan, amma ta daina aiko da saƙo. Sai ta ce in miƙe, in haɗa ƙafafuna, in sake rufe ido. Wallahi ina rufewa ƙasa ta tafi yawo. Da ba ta cafke rigata ba, da a kan teburinta zan sauka.

"Ka gani?" in ji ta. "Yanzu idonka ne ke riƙe da kai, ba ƙafarka ba. Duk inda za ka rufe ido, ka fara zama. A ina kake rufe ido a tsaye?"

"Babu inda nake yi. Ni ba doki ba ne."

"In za ka sa sabulu a fuska fa?"

Ita kuwa ta ci gaba. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, ko Barira ta gwada, kuma ɗumi kawai. Ban da jiƙa ƙafa a ruwa. Ban da dutsen goge kaushi, don zan iya goge nama in zaci kaushi ne. A yi wanka a zaune, da rana, da wani a kusa, kuma kada a kulle ƙofa. Barira na gefe tana haddacewa kamar wadda za ta ba da shaida a kaina.

Makonnin da suka biyo baya na zama ɗan gidan likita. A kwance ƙunar, a wanke, a naɗe. Ƙunar da yaro zai warke kafin ya gama kuka, tawa sai da ta ja zango mai tsawo. Tunkiyar da Barira ke kiwo ta tafi farmasi ba ta dawo ba. Rake ya haramta gare ni, shayi ya koma ruwan ɗaci, tuwo aka rage shi har ina iya hango gindin kwano tun kafin in fara. Zogale kuwa na ci har na fara gaisawa da awaki.

Duk lokacin nan a zaune nake wanka, saboda ƙafar ba ta son ruwa. A kan me? A kan kujerar mata, 'yar tsugunno. Zama ba wuya, faɗawa kawai kake yi. Tashin ne shari'a. Sai na dafa ƙasa, na dafa bango, na yi nishi kamar raƙumi. Barira ta ga wahalar, ta mirgino wani tsohon turminta da ya tsage, ta kife shi a bakin makewayi.

"Ga wannan, Malam. Ya fi tsawo, kuma ba ya motsi."

"Turmi? Ni? Ke ba ki ji abin da manya ke cewa ba, namijin da ya zauna kan turmi ƙarfinsa na maza tafiya yake yi?"

"Wane ƙarfin ya rage da za mu yi asara?"

Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da ƙunar. Kuma kamar haɗin baki, ranar Alhaji Rabe ya shigo duba ni, ya tarar an ɗora tukunyar ruwa, ga kujera, ga turmi. Ya tsaya ya tafa hannu.

"Af, ashe an sauka lafiya! Barka da arziki, Lawali. Mace aka samu ko namiji? Yaushe za a gama wankan jegon mu zo shan kunun kanwa?"

Kafin magariba duk majalisarmu ta ƙofar masallaci ta ji. Mai jego, mai jego. Ranar da majo ta ce ƙunar ta rufe, na dawo gida na shure kujerar gefe, na ce a kwashe mini turmin nan daga gabana. Na koma wankana a tsaye irin na maza.

Sai in gaya muku yadda makewayin yake. Da can tsakuwa ce a ƙasa da wani faffaɗan dutse da nake tsayawa a kai. Ɗana Sani, wanda ke aiki a Damagaram, shi ya ga bai dace ubansa ya riƙa wanka kan tsakuwa ba, ya sa aka shafe wurin da siminti, sumul kamar faranti. Allah ya yi masa albarka, alheri ya nufa. Amma siminti mai sulɓi in ya haɗu da sabulu da gansakukar lungu, ko ƙadangare sai ya yi tunani. Ƙofar ta langa-langa ce, da sakata ta ciki da ni na kafa da hannuna tun ranar da wata akuya ta shigo mini ba sallama.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an cire gyaɗa. Matan maƙwabta sun taru a rumfar tsakar gida suna taya Barira ɓara, tsakaninsu da makewayi bango ɗaya. Na ɗauki bokiti na wuce su ina sanɗa, na shiga na danna sakata. Na rataye zanen goge jiki a saman ƙofa. Na zuba ruwa, na cuɗa soso, na kai kumfa kai da fuska, na rufe ido.

Ban ji santsi ba. Wannan nake so ku gane. Mai lafiyar ƙafa yana jin ta fara zamewa ya gyara tsayuwa. Ni babu wanda ya aiko mini da labari. Ina tsaye, sai na ji ni a kwance. Hannun hagu ne ya fara isa ƙasa, na ji ƙas a tsintsiyarsa, kwatangwalo ya bi baya, bokiti ya yi nasa wuri da ƙara.

Na ji wata daga cikin matan ta ce, "Kai, mene ne wannan?"

Barira ta ce, "Bari in duba."

Na ji takunta yana matsowa. To kowa ya san yadda muke yi. Ba a magana a makewayi, haka aka tashe mu. In kana ciki ka ji motsin mutum, gyaran murya za ka yi, shi kuma ya san da mutum, ya juya. Ina kwance tsirara, kumfa a ido, hannu a karye, maƙogwarona ya yi abin da ya saba yi tun ina yaro ba tare da ya shawarce ni ba.

"Ehem."

Takun ya tsaya, ya juya. Na ji ta ce musu, "Bokiti ne ya suɓuce masa." Aka ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Na gwada tashi. Hannun dama ya lalubi bango, babu abin kamawa, shi ma Sani ya sa an shafe shi. Ƙafafu kuwa sai na buɗe ido cikin yajin sabulu na nemo inda suke, in kafa su su zame, in kafa su su zame. Zane na can sama yana kallona. Wurin ba rufi, rana ta miƙe ta tsaya a kaina, simintin ya fara ɗaukar zafi.

Ina jin hirarsu tas. Wata ta ce, "Ya jikin Malam kuwa?" Barira ta ce, "Da sauƙi, sai dai taurin kai, shi kam ba a samo maganinsa ba." Suka yi dariya. Mai taurin kan yana bayan bango yana saurare.

Aka kira salla. Barira ta sake zuwa, ta ɗan ƙwanƙwasa langa-langar don in san lokaci na tafiya. Wannan karon na yi niyyar ta gane. Na tattara ƙarfina na yi gyaran murya mai tsawo, mai ban tausayi a tunanina. Amma gyaran murya gyaran murya ne. Ta zaci faɗa nake mata don ta dame ni, ta koma.

Za ku ce me ya hana ni buɗe baki. Na sha tambayar kaina. Akwai tarbiyyar da aka yi mana, gaskiya ne. Akwai matan nan, da na san ina yin kira za su taso gaba ɗaya, kowace ta ga abin da za ta ba jikokinta labari. Amma babban abin shi ne, "zo ki ɗaga ni" magana ce da ba ta taɓa fita daga bakina ba, na neme ta a wurin na rasa ta inda ake farawa. Ina kwance na saurari huɗuba daga lasifika tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa natsuwa na ji huɗuba kamar ta ranar ba.

Sai da aka idar, na fara jin muryoyin maza suna dawowa a titi. Na ji Barira ta sallami matan, ta ce za ta ɗora girki. Gida ya yi tsit. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, na san ba a magana a nan, ni ma an koya mini. Amma an sauko daga masallaci, rigarka da hularka na kan igiya. In ka sake yi mini wannan tarin, wallahi unguwa zan tara maka."

Na ce, "Na faɗi."

Na ji ta ruga, ta dawo, sai ƙarar taɓarya a kan ƙofa. Sakatar ta yi tsalle. Kafin ta dubi fuskata, kafin ta tambayi inda ke ciwo, zanen ta fara fizgowa ta rufe ni. Na yi wa matar nan laifuffuka da yawa a zamanmu, kuma bakinta ba ya raga mini, amma wannan zanen har in koma ga Allah ina tuna shi.

Ba ta iya ɗaga ni ba, ta leƙa waje ta tsayar da Alhaji Rabe yana dawowa da darduma a kafaɗa. Ya shigo ya gan ni. Na jira maganar jego. Bai yi ba. Ya tattare babbar rigarsa ta Juma'a ya durƙusa cikin ruwan sabulu ya ce, "Riƙe wuyana, ɗan'uwa." A nan na san abin ya yi muni.

Da muka isa gidan likita, majo ta dubi hannun, ta dube ni.

"A tsaye?"

"A tsaye."

"Da sakata," in ji Barira, ba a tambaye ta ba.

Majo ta gyara gilashinta, ba ta ƙara kalma ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. 'Yan'uwa suka ce a kai ni wurin wani maɗori a Kance, ita ta ce a fara zuwa Damagaram a ɗauki hoton kwatangwalon. Can ma wani layin, wani jiran, kan keken guragu wannan karon. Kwatangwalo bai karye ba, tsintsiyar hannu ce ta tafi. Lokotoron da ya sa mini filasta ya ce in gode wa Allah, tsohon da ƙashin kwatangwalonsa ya karye sau da yawa daga gado ba ya sake tashi. Na gode. Amma da ya san abin da ke jirana a gidan Sani, da ya rage murna.

Barira ta koma Matameye saboda gida da dabbobi, aka bar ni wurin ɗana. Kwanakin farko na ce sanyi nake ji, ba na son ruwa. Ina goge fuska da hannu ɗaya in ce na yi tsabta. Sai na lura matar Sani, yarinya mai kunya, duk ta shigo gaishe ni sai ta buɗe taga. Wata safiya Sani ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau sai wanka."

Ya zaunar da ni kan kujerar roba, daga ni sai gajeren wando. Ya ɗaure filastar cikin leda, na ɗaga hannun sama kamar mai rantsuwa a gaban alƙali. Shi yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa. Ya cuɗa mini baya, ya cuɗa hammata, yana ta "sannu Baba, sannu Baba" kamar shi ya kayar da ni. Da ya zo ƙafafu ya durƙusa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon hannunsa a kansu, ba na jin komai, kamar ƙafafun wani baƙo ake wankewa a gabana. Idona ya kawo ruwa. Na ce masa sabulun birni yaji gare shi.

Haka muka yi ta yi har aka kusa cire filasta. Ban saba ba ko sau ɗaya. Sai wata rana bayan mun ci abinci ya ce, "Baba, na gyara maka ɗakin nan. Ba za ka koma Matameye ba. Ni zan riƙa yi maka wanka kafin in fita aiki, ranar da ba na nan akwai wanda zan sa."

"Wanda za ka sa? Ni mota ce?"

"Baba, da Inna ba ta lura da rigar nan ba fa?"

"Da na mutu da tsabtata."

"Ka ga irin maganar ke nan."

Na ce masa gara in koma in sake faɗuwa a gidana da in zauna ana juya ni kamar kwanon wanke-wanke. Ya ce shi kuma ba zai zauna a wurin aiki gabansa na faɗuwa duk wayarsa ta yi ƙara ba. Ni na ɗaga murya, shi ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Taurin kan nan dai ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Barira ce ta raba mu ta waya. Ta ce a bar ni in dawo, amma sai an gyara makewayi yadda majo ta faɗa, kuma Sani ya zo ya gani da idonsa. In bai gamsu ba, a motar da ya kawo ni zai koma da ni. Na ce na yarda. Me zan ce?

Aka kira magini ya sassare simintin nan mai tsada ya mai da shi garje-garje, ya gyara magudanar don kada ruwa ya kwanta. Ya kafa tiyon ƙarfe a jikin bango daidai inda hannu zai kai. Aka mirgino turmi, aka kife. Na dube shi, ya dube ni. Na aika a tambayo limamin unguwa maganar magana a makewayi, ko zai taimake ni ya ce haramun ce. Ya aiko cewa abin ƙi ne in babu dalili, ni kuwa dalilina har ya karya mini hannu.

Ranar da Sani ya kawo ni, aka yi mini jarrabawa. Da rigata da wandona na shiga, su uku suna tsaye a bakin ƙofa: Sani, Barira, da Alhaji Rabe da babu wanda ya gayyace shi. Na shiga da takalmin roba mai kama dunduniya. Na riƙe tiyo, na juya, na zauna kan turmi. Na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannu a bokiti. Na nuna inda sabulu zai zauna, a kan bulo kusa da ni, ba a ƙasa ba. Na yi kamar ina wanke fuska, ido rufe, a zaune. Na ɗora ƙafa ɗaya kan gwiwa na nuna yadda zan duba tafin, in goge tsakanin yatsu ya bushe. Sannan na kama tiyo na miƙe a hankali, na tsaya har jiri ya wuce kafin in ɗaga ƙafa.

Rabe ya ce, "Saura tsarki, bai nuna mana ba."

Na ce, "Kai da ka dafa mini ƙafa a ruwan dalbejiya, ka rufe mana baki."

Sani bai yi dariya ba. Ya shiga ya jijjiga tiyon da ƙarfinsa, ya tura turmin da ƙafa, ya zuba ruwa a ƙasa ya goga takalminsa. Sannan ya karɓi guduma wurin magini ya ɓamɓare ragowar sakatar daga jikin ƙofa ya sa a aljihu. Ya ce, "Inna, in ya yi gardama ko sau ɗaya, ki kira ni." Ya durƙusa ya yi mini sallama ya tafi tasha shi kaɗai.

Kada wani ya zaci na warke. Ƙafafun ba su dawo ba, majo ta ce aikinmu yanzu mu hana abin ci gaba ne kawai. Ina shan magani, ina tafiya da sanda ina kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Alwala ma a zaune nake yi. Kowace yamma Barira na duba tafin ƙafata ta shafa man kaɗe a dunduniya, tana yi tana mita. Rake na wucewa ta ƙofar gidana a kan amalanke, ina jin ƙamshinsa, ba ni da ikon ko gaɓa ɗaya. Haushin abin bai bar ni ba, kuma ba na jin zai bar ni. Amma kai da ka fara jin kiyashi a ƙafa, je ka a huda maka yatsa tun yanzu. Ka zauna kafin ka rufe ido. In kuma ka faɗi, ka buɗe baki ka faɗa da kalmomi, ko mata nawa ne a tsakar gida.

Washegarin tafiyar Sani, da hantsi, na ɗauki zanena na nufi makewayi. Barira ta riga ta kai ruwan. Ta jawo tabarma ta zauna nesa kaɗan da ƙofa tana tsintar wake, ta juya mini baya. Na tura langa-langar, ta rufu iyakar yadda za ta rufu. Na riƙe tiyo na zauna. Na gwada ruwan, na kamfata a moɗa, na rufe ido, na zuba. Ya bi ta kaina, ta wuyana, ta bayana. Na daɗe a haka ban ko taɓa sabulu ba.

"Malam?"

Na ji maƙogwarona ya fara shirin aikinsa. Na haɗiye.

"Na'am. Ina nan."

"A zaune?"

"A zaune."

"To."

Na ji wake ya ci gaba da zuba a faranti. Na sake kamfatar ruwa na zuba a kaina, da hannuna.